Kofur Hammadu da Tutar Cikin Akwati

Duk wanda ya san Kibiya ya san gidanmu, ba don mun tara wani abu ba, sai don dogon ƙarfen nan da mijina ya kafa a ƙofar zaure. Kofur Hammadu ke nan. Shekara ashirin da biyu ya yi a soja, ya dawo gida da igiya biyu a hannun riga, da gwiwar dama da ba ta lanƙwasuwa, da taurin kan da ko jaki ya gani sai ya ba shi hanya. Ni ce Jannatu matarsa. Shekara talatin da biyu ina fama, saboda haka in na ce mutumin nan yana da kafiya, kada wani ya ce mini ai haka sojoji suke. Na zauna a bariki, na ga sojoji iri-iri. Tasa daban ce.

Ƙarfe shida na safe yake ɗaga tuta a kan ƙarfen nan, ƙarfe shida na yamma ya sauke ta, ko ana ruwa ko ana iska. Dokokinta kuwa sun fi na gidan surukai yawa. Ba ta kwana a waje. Ba a ɗaga wadda ta yage ko ta koɗe. Ba a rubutu a jikinta. Ba a goge hannu da ita. In babba ce, mutum ɗaya ba ya warware ta, ba ya kuma ninke ta, sai biyu, kowa ya kama ƙarshe ɗaya. Uwa uba, ba ta taɓa ƙasa. Akwai ranar da ya tarar da wani mai tumatir a kasuwa ya shimfiɗa tsohuwar tutar makaranta ya kasa kayansa a kai. Bai zage shi ba, bai ɗaga murya ba. Tsayawa kawai ya yi a kansa ƙiƙam, har masu saye suka daina zuwa. Sai da mutumin ya kwashe tumatirinsa, sannan Kofur ya je ya samo masa buhu, ya karɓi tutar ya kawo mini gida wai in wanke. Na ce ya wanke abarsa.

Maƙwabta suna tsokanarsa, wai ƙasar da ko wutar lantarki ba ta kawo masa ita yake sara wa safe da yamma. Amsarsa ɗaya ce kullum, cewa tutar ba ta gwamna ba ce, ba ta shugaban ƙasa ba ce, ta mutanen da ya binne da hannunsa ce. Daga nan ba ya ƙarawa.

Larurarsa ta biyu ita ce bindigar toka. Shi da abokansa biyu, Ɗanmalam maƙeri daga Rurum da Tajuddeen kafinta daga Tarai, duk Asabar suna zaurenmu. Ba farauta suke yi ba, Kofur ko kurciya bai harba ba tun da ya tuɓe kaki. Tsofaffin bindigogin kakanni suke bi ƙauye-ƙauye suna nema, waɗanda aka jefa bayan rumbu tsatsa ta cinye, gara ta ci ƙotar. Ɗanmalam ya gyara ƙarfen, Tajuddeen ya sassaƙa sabuwar ƙota da itacen maɗaci, shi kuma Kofur ya zauna da samfefa da man kaɗanya yana gogewa, yana jera ƙusoshin tagulla ɗaya bayan ɗaya kamar mai yi wa amarya lalle. In an gama, albarushi kawai suke ɗurawa, babu harsashi, su buga a wajen biki ko saukar karatu, sai kuma ranar ɗaya ga Oktoba a filin fareti a Rano. Suna da takardar izini mai hatimi, bindiga biyar aka rubuta a ciki. Warin albarushin nan ya kama mini labule, ya kama mini tabarma, har tuwona wani lokaci sai in ji kamar yana yi.

Tsakaninsa da Tajuddeen kullum sai an yi. Tajuddeen mutum ne mai son a kalle shi. Wata shekara ya shafa wa ƙotar bindigarsa fenti kore da fari da kore, ya zo yana washe baki, yana jiran yabo. Kofur ya tambaye shi, in ya gaji da riƙo, ina yake dogara ƙotar? Ya ce a ƙasa mana. Kofur ya miƙa masa samfefa. Yini guda ya yi yana kankarewa yana ƙunƙuni. Da wannan ta wuce sai ya ɓullo da wata: ya yi wa tasa baƙin fenti tun daga baki har ƙota, ya sassaƙa wani lanƙwasasshen katako ya manna mata a ciki, wai don ta yi kama da ta sojojin zamani. Kofur ya ce masa bindigar toka ba ta ƙarya, ya cire. Ya ce ai wannan ba tuta ba ce, doka ba ta hau kanta ba. Ɗanmalam ya shiga tsakani, aka bar maganar. Da ma ba a bar ta ba.

Yanzu sai in faɗi abin da ba na son faɗa. Muna da ɗan fari, namiji. Ni irin matan da ce, ban taɓa kiran sunansa ba, kunya ce ta ɗan fari, haka na ga uwata ta yi wa yayana. “Kai” nake ce masa, in ina maganarsa da mutane in ce “yaron nan”. Yana ƙarami yakan biyo ni madafa yana cewa sai na faɗi sunansa sau ɗaya ya ji, in kore shi da muciya. Ya girma ya ce soja zai shiga. Na yi kuka, na yi fushi, na daina cin abinci kwana biyu. Ubansa bai ce masa je ka ba, amma kuma bai ce kada ka je ba, kuma na ga yadda idonsa ya yi haske. Zuwansa hutu na ƙarshe, su biyu suka ciro bindigar kakansa, mahaifin Kofur, wadda ƙotarta ta rabe biyu, suka yi alkawarin za su gyara ta tare in ya dawo.

Shekara huɗu ke nan da mota ta tsaya a ƙofar gidanmu da hantsi. A can gabas aka binne shi, ba mu ga gawa ba. Abin da aka kawo mana takalmansa ne, da hularsa, da babbar tutar da aka lulluɓe shi da ita, a ninke. Kofur ya karɓa da hannu biyu, ya sa a akwatin ƙarfensa, ya kulle. Bai taɓa warware ta ba. Ni kuwa tun daga ranar na tsani kore da fari, tsana ta gaske, ba ta wasa ba. Na gaya masa a fuskarsa cewa tsummansa ya cinye mini ɗa, kuma hannuna ba zai ƙara taɓa shi ba har in mutu. In shida ta yi ya fita, ni in shige ɗaki in ja labule. Haka muka zauna shekara huɗu, muna cin tuwo ɗaya, muna gaisawa, wannan maganar tana kwance a tsakaninmu.

Bana, ana saura mako guda Oktoba ta kama, ya gama gyaran bindigar kakan. Shi kaɗai ya yi ta, bai bar su Ɗanmalam sun sa hannu ba. Ranar ɗaya ga wata suka ɗauki shatar A Daidaita Sahu zuwa Rano. Ni ma na ce a rage mini hanya, ’yarmu Salma ta haihu a can, ina son in kai mata daddawa da yajin jego. Sai da na shiga na zauna na ga abin da ke kan cinyarsa. Tutar cikin akwati ce, na gane ta tun kafin in gama kallo, don ninkin sojoji daban yake. Ashe ya ƙudurta a ransa cewa bana ita zai ɗaga a filin, ya buga bindigar kakan sau ɗaya a ƙarƙashinta, alkawari ya cika. Na ce direba ya tsaya in sauka. Kofur ya ce in yi haƙuri, tafiyar ba nisa. Na juya masa ƙeya, na kama kallon dawa a gonaki.

An kwana ana ruwa, hanya duk ta caɓe. Bindigogi biyar suna baya a naɗe cikin tabarma, bakunansu sun leƙo. Direban ya ce babbar hanya akwai wajen da ruwa ya cinye, sai ya ratse ta wata ’yar hanya da ke bi ta wani ƙauye. Ba zan kama sunan ƙauyen ba, mutanen kirki ne, ranar ce kawai ta zo musu a haka. Abin da ba mu sani ba shi ne, kwana biyu kafin nan ɓarayi sun shiga rugar da ke gefensu, sun kore shanu, sun harbe mutum ɗaya. Tun daga ranar ba wanda ya runtsa, manoma da makiyaya duk sun fito sun gitta gungume a hanya.

Muna shan kwana muka gan su. Sun fi mutum talatin, da gora da adda da kwari da baka, biyu da bindiga. Direba ya taka birki, tabarmar ta zame, ta warware, bindigar Tajuddeen ta faɗo cikin taɓo, baƙa wuluk, da lanƙwasasshen abin nan a cikinta. Wani ya ce, “Ga su nan.” Nan take wurin ya ɓarke gaba ɗaya.

Kafin in ankara an fizgo direba da Ɗanmalam da Tajuddeen, an kifa su a cikin taɓo, an ɗora musu adda a wuya. Tajuddeen yana ta rantsuwa cewa katako ne, katako ne wallahi, a taɓa a ji. Wa zai taɓa? Kowa ya ja baya yana kallonta kamar maciji. Ɗanmalam ya ce akwai takarda, a tambayi Kofur. Kofur ya laluba aljihu da hannu ɗaya, na ga fuskarsa ta canza. Takardar a cikin akwatin ƙarfe take zama, a ƙarƙashin tutar. Ya ɗauko tuta, hankalinsa duk yana kanta, ya mayar da murfi ya kulle. Mutumin da bai taɓa manta ko allura ba. Sai na ji wani daga baya yana cewa a kawo fetur.

Shugabansu wani ne da na ji suna kira Murtala, dogo, idanunsa jajur. Daga baya muka ji wanda aka harbe ɗin yayansa ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ni ya ce in tsaya gefe, mace ce. Sannan ya juya kan Kofur, wanda ya fito yana tsaye a kan ƙafarsa mai lafiya, ya rungume tutar a ƙirji. Ya ɗaga bindiga ya saita shi.

“Baba, ajiye abin da ke hannunka a ƙasa, ka kwanta.”

“Tuta ce, ɗana. Ba ta taɓa ƙasa.”

Murtala ya ce bai tambaye shi ko mece ce ba. Ya ce ya san ana naɗe ƙaramar bindiga a cikin tsumma, kuma wannan ƙunshin ya yi kauri da yawa. Kofur ya ce shi zai kwanta, a ɗaure shi ma in ana so, amma wani ya zo ya karɓe ta da hannu biyu tukuna. Ba wanda ya motsa. Wa zai matso kusa da ƙunshin da bai san abin da ke ciki ba? Murtala ya ce to ya warware ta a nan, kowa ya gani. Kofur ya dubi taɓon da ke kewaye da shi, ya dubi tsawon hannunsa, ya ce babba ce, mutum ɗaya ba ya warware ta, gefenta zai faɗi.

Jama’a, ku ji mini mutum. Bakin bindiga yana kallon ƙirjinsa, abokansa suna cin taɓo, ga wani ya iso da galan ɗin fetur yana kaɗawa, shi kuma yana maganar gefe zai faɗi. Na ce masa, “Malam, don girman Allah ka sake ta. Tsumma ne.” Ko kallona bai yi ba. Na san wannan tsayuwar, ita ya yi wa mai tumatir. Na san kuma ko za a yanka shi ba zai sake ta ba. Haushinsa ya cika ni har wuya, tsoro kuma ya kama ni, na rasa wanda zan ji da shi.

Murtala ya ce zai ƙirga uku. Na ga yatsansa a kan kunamar bindigar, kuma wannan ya fi komai tsorata ni, don mutumin da bai yi barci ba kwana biyu ba ya buƙatar ya kai uku. Ya ce ɗaya. Tajuddeen ya fara kalmar shahada da ƙarfi. Sai a sannan Kofur ya juyo ya dube ni. Shekara huɗu bai roƙe ni komai a kan abin nan ba.

“Jannatu,” ya ce, “kama mini.”

Na rantse ba zan taɓa ta ba, kuma ni ba na rantsuwar banza. Amma na riga na ba wa tutar nan mutum ɗaya, ban ga dalilin da zan ƙara mata na biyu ba. Na ajiye ƙullin daddawa, na ɗaga hannuwana sama don Murtala ya ga ba komai, na taka cikin taɓon har na isa gabansa. Takalmina ɗaya ya maƙale, na bar shi a nan. Ya miƙo mini ƙarshe ɗaya. Abin mamaki, hannuna ya san abin da zai yi, shekarun da na yi ina leƙensa ta labule ashe ba su tafi a banza ba. Na riƙe kusurwa biyu, na fara ja da baya a hankali, shi yana saki ninki bayan ninki. Tana da nauyi, ba irin ta kasuwa ba ce. Tsakiyarta ta fara lotsawa, ya ce in ɗaga, na ɗaga har kafaɗuna suka yi zafi. Kore ya fito, fari ya fito, kore ya fito. Muka tsaya da ita a miƙe tsakaninmu, iska tana ɗan kaɗa ta, kowa yana gani babu komai a ciki.

Sai dai akwai abu a jikinta. A kusurwar da ke hannuna na dama, an yi rubutu da baƙin alƙalami mai kauri, layi uku, hannu daban-daban. Abokan aikinsa ne suka yi kafin a ninke ta. Kofur bai san da shi ba, tun da bai taɓa buɗewa ba. Murtala ya hango, bai sauke bindigar ba, ya ce me aka rubuta a nan? Kofur ya buɗe baki, ya gane ko mene ne tun daga inda yake, muryar ta ƙi fita. Murtala ya sake tambaya, wannan karon da tsawa. Ni na yi ajin manya a bariki, ina karatu daidai gwargwado, kuma rubutun a ƙarƙashin babban yatsana yake.

Na ce, “Muhyiddeen Hammadu Kibiya.” Muryata ta fita da ƙarfi fiye da yadda na yi niyya. Na karanta lambarsa ta soja, na karanta ranar. A ƙasa an sa, Allah ya jiƙan ka, abokinmu. Na ce, “Ɗana ne. Da ita aka rufe shi.”

Wani dattijo Bafulatani da ke riƙe da sanda shi ya fara cewa Allah ya jiƙansa, wasu suka amsa da amin. Ya tako ya ɗauki bindigar Tajuddeen daga taɓo, ya kama lanƙwasasshen abin ya murɗa, ya ɓalle a hannunsa, ga farin katako da busasshen gam. Ya shinshina bakin sauran, ya ce bindigogin biki ne. Murtala ya sauke tasa a hankali, ya tsuguna a inda yake, ya rufe fuska da hannu. Mai galan ɗin fetur ban ga lokacin da ya ɓace ba. Aka ɗaga su Ɗanmalam, aka kawo ruwa a buta suna wanke fuska, ana ta ba su haƙuri. Mu kuwa muna nan tsaye, don ba a sakin tuta sai an ninke ta. Muka ninke, ina takowa yana takowa, har hannuna ya haɗu da nasa. Ya duba gefunan ɗaya bayan ɗaya. Ko ɗigon taɓo babu.

Mun makara, an riga an tashi daga fareti kafin mu isa Rano. Washegari da shida na safe na kama masa ya ɗaga tutar a ƙofar gida, ya buga bindigar kakan sau ɗaya, kajin unguwa suka watse. Da yamma muka sauke ta, ta koma akwati. Tajuddeen ya kankare baƙin fentinsa ba tare da an miƙa masa samfefa ba. Maganar rubutu a jikin tuta kuwa, mutumin da ya hana ɗalibai sa ko ɗigon biro a tasu, har yau bai ce uffan ba a kan wannan.

Kada wani ya ɗauka na shirya da ita. Ban shirya ba. Na yi kaffarar rantsuwata, azumi uku, kuma har gobe in na ga kore da fari gabana yana faɗuwa. Abin da ke cina wani ne daban. Shekara ashirin da bakwai yaron nan yana gabana, yana bina madafa yana roƙo in faɗi sunansa sau ɗaya ya ji, ina korarsa da muciya. Ranar da na faɗa, da ƙarfi, a gaban mutum talatin da ban sani ba, kowa ya ji ban da shi.